Rariyar da Ba a Wanke Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Rariya ya yi yana niƙa duwatsu a ɗakin gwaji na sashen nazarin ƙasa, a wani lungu da ke ƙarƙashin matakala, mai taga ɗaya da famfo ɗaya. Ba shi da digiri, amma babu digirin da ya fita daga sashen nan bai bi ta hannunsa ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan saboda jarabarsa ta wankin rariya. Mutum ne gajere, mai saurin tafiya da saurin faɗa, wanda ko zama ya yi ƙafarsa ba ta daina kaɗawa.

Aikin nasa shi ne a kawo masa dutse ya farfasa, ya niƙe, ya tankaɗe, ya tsamo wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar yashi ba, ana ce musu zirkon. A cikinsu akwai sinadarin yuraniyom, wanda ke rikiɗewa ya zama dalma sannu a hankali, ba gaggawa ba lalaci. Idan aka auna yawan wanda ya rikiɗe, sai a san shekarun dutsen. Baba yakan ce duniya ta shekara biliyan huɗu da rabi, ta narke ta daskare, tekuna sun zo sun tafi, duk wannan yana rubuce a cikin ƙwaya guda, amma ƙazamin ɗalibi sai ya ɓata shi cikin minti biyar. Shi ya sa bayan kowane dutse yake wanke rariya, ya bi ramukanta ɗaya bayan ɗaya da allura. Ƙwaya ɗaya ta maƙale ta faɗa cikin samfurin wani, shi ke nan, dutse ya ari shekarun da ba nasa ba.

Saura wata biyu ya yi ritaya sakamakon Mai Guduma ya dawo daga inda aka aika a auna. Ɗaliba ce mai neman digiri na uku, wadda ba a raba jakarta da gudumar fasa dutse. Ta faɗo lungun baki har kunne.

"Baba, ka ji abin mamaki! Dutsena ɗan shekara miliyan ɗari shida ne, amma an samu ƙwaya bakwai masu shekara biliyan biyu a cikinsa. Farfesa ya ce alama ce akwai tsohuwar ƙasa binne a ƙarƙashin wurin, ba wanda ya taɓa sani."

Baba ya ce ma sha Allah. Amma ya tuna ranar da ya niƙa dutsenta sarai. Da safe ya tankaɗe tsohon dutsen wani malami, ɗan shekara biliyan biyu. Yana shirin wanki aka bugo cewa 'yarsa na naƙuda, abin ya zo da gardama. Ya watsar da komai ya fita. Da ya dawo da yamma, kansa cike da murnar jika, sai ya ga rariya a kan tebur ya zuba mata niƙan Mai Guduma. Ya wanke kafin ya fita? Ya juya tunaninsa ta ko'ina, bai ga allura a hannunsa ba.

Kwana huɗu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya hau matakala har ƙofar ofishin Mai Guduma, ya sauko. Ya share lungun da ya riga ya share. Ya ɗora shayi ya manta da shi har ya huce. A gida ya dinga zagaye tsakar ɗaki kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har matarsa ta gaji.

"Malam, ko dai ka zauna ko ka faɗa mini abin da ke cin ka. Ka sa ni jiri."

Ya faɗa mata. Ta ce, "Kai kanka ba ka tabbata ba. Wata biyu ya rage. A bar kaza cikin gashinta mana."

Ya ji daɗin maganar, kuma jin daɗin ne ya fi ba shi kunya. Shi da ya sa ɗalibai kuka saboda burushi mara tsabta! Gaskiya tsoro yake ji, tsoron a ce ashe tsohon ma baki ne kawai.

A rana ta biyar ya tarar da Mai Guduma a ofis tana gyara babin da ta gina kacokan a kan ƙwayoyin nan bakwai. Bai zauna ba.

"'Yata, ƙwayoyin nan ina jin ba na dutsenki ba ne. Na rariyata ne."

Ya zayyana mata komai, bai rage ba. Ta ajiye takardun.

"Baba, saura sati uku in kare aikina."

"Na sani."

"Idan aka sake niƙa, aka sake aikawa, wata shida ne. Wataƙila kuma a tarar babu komai."

"Wataƙila."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya sauko ya koma lungunsa.

Kashegari da safe ta shigo lungun rungume da ragowar dutsen, ta ajiye a teburinsa. Akwai wani mai niƙa a sashen maƙwabta, amma nan ta kawo. Sai dai ba ta tafi ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da famfo, ta harɗe hannuwa, ta zuba masa ido, abin da ko farfesa bai taɓa yi masa ba.

Baba ya wanke rariyar, ya bi ramukanta da allura, ya ɗaga ta saitin taga. Ya ga ta fita tas. Duk da haka ya miƙa mata.

"Duba da kanki."

Ta karɓa, ta duba, rami bayan rami, ba ta yi masa kara ba.