Ranar da Na Share Kakar Malam Haladu

Bari in faɗa da bakina kafin wani a cikinku ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba marigayi Malam Haladu ba ne, duk da kun daɗe kuna yi masa dariya a majalisa. Ni ne, Sule direba, mai aji huɗu na firamare, shi ma ban kai ƙarshensa ba. 'Yan majalisarmu ta unguwar Utaiqa a Riyadh kun ce in rubuta wani abu a kan abokina, ga shi na rubuta. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya bugo mini waya.

Duk wanda ya san Haladu ya san hular sanyinsa. Da watan Oktoba ya kama, rana ba ta daina dafa ƙeya ba, sai ka gan shi a saman benensu da hular ulu da wata kwat mai kauri, hannu a baya, yana zagaya tukwanen shukarsa. Ya ɗaga ganye, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya gyaɗa kai.

"Kaka ta kusa."

"Wace kaka, Haladu? Riyadh muke fa. Nan lokaci biyu ne: zafi, da zafin da ya ɗan kishingiɗa."

"Kai direba ne, Sule. Abin da ke gaban gilashi kawai kake gani."

Shi ma direban ne fa! Motar kafil ɗinsa, wato ubangidansa Balarabe, yake ja, kamar ni. Bambancinmu ɗaya: wata shekara kafil ya tafi da shi wata ƙasa mai sanyi don ya riƙa kai iyali yawo. Can ya ga abin da ya juya masa kai. Ya ce suna hawa wani dutse sai ya hangi daji ya yi jawur, ya taka birki, ya fito yana salati, ya ɗauka gobara ce. Babu hayaƙi. Ganye ne kawai, ja da ɗorawa da ruwan goro. Wanda ya tafi da shi ya dawo da shi, amma hankalinsa can aka baro.

Mai lambun gidan kafil ya ba shi reshen inabi, ya ce irin wanda ganyensa ke ja ne in ya ji sanyi. Haladu ya dasa shi a rabin duro a saman bene. Ya kewaye shi da yakuwa, da barkono, da kabewa mai yaɗo har kan igiyar shanyar matarsa, Hajiya Asabe. Na ce masa, "Ga ja nan ai, yakuwa ta ba ka, barkono ya ba ka, me kuma kake jira?" Ya ce wannan jan gado ne, ba a lissafa shi. Shi ganyen da aka haifa kore yake so ya gani ya tsufa da ja.

Ruwa kuwa, kun sani. Babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke ɗiga a gidan nan da Haladu bai kafa wa bokiti ba. Baƙo ya ce zai yi alwala, ba a nuna masa bayi, saman bene ake kai shi.

"Fuska a kan inabi, ƙafa a kan kabewa."

Ran nan na ce, "Me kabewa ta yi maka?"

"Inabi na cikin Alƙur'ani."

"Kabewa ma tana ciki ai. Ba ita ta yi wa Annabi Yunusa inuwa ba?"

Ya tsaya ya kalle ni tun daga hula har takalmi. "Kai! Ashe an taɓa bi da kai ta ƙofar makaranta." Daga ranar barkono ya karɓi aikin ƙafa.

Sai tanderu. Burodin 'yan Afgan da muke layi a kansa kowace safiya, Haladu ba ya ci, ya ce tabarma ce aka gasa. Ya roƙo yumɓu wurin masu gini, ya gina tanderunsa a kusurwa, irin na Kano. Amma sau ɗaya a shekara ake hura shi: ranar da kabewar farko ta nuna. Hajiya Asabe ta dafa ta, ta dama da fulawa da dabino da ɗan kanumfari, a yayyafa riɗi, shi kuma ya zura hannu yana mannawa yana ihu. Gurasa ta fito ruwan ɗorawa, gefenta ya ɗan ƙone. Ƙamshin nan, jama'a! Yemeniyawan ƙasan bene har hawowa suke su ce sun zo gaisuwa.

Akwai likitansa na hawan jini, mutumin Zariya, da ya taɓa ci sau ɗaya ya kasa mantawa. Tsakiyar zafi ya zo da kabewa ƙatuwa daga kasuwa, ya ajiye, ya ce don Allah a taimaka. Haladu ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne.

"Wannan ba ta san ni ba."

"Haba Baba, kabewa ai kabewa ce."

"Likita, in na zo asibiti ba ranar da ka rubuta mini ba, gani na kake?"

"A'a."

"To ita ma ranarta gare ta. Khalas."

Likita ya ɗauki kabewarsa ya sauka.

To yanzu ga inda nake shigowa, ku gyara zama.

Shekara shida inabin nan yana cin amanarsa. Ganye ya tashi daga kore ya faɗa ruwan ƙasa kai tsaye, ya ƙandare kamar tsohuwar takarda. A ta bakwai sanyi ya zo da wuri, mai cizo. Daidai lokacin shi da Hajiya suka tafi Umra, kwana biyar. Ya ba ni mabuɗi. "Safe da yamma, rabin buta. Kada ka taɓa komai."

Kwana biyu ban je ba. Matar kafil ta hana ni sakat da yawon kasuwa. Rana ta uku na hau da sassafe, na buɗe ƙofa. Inabi ya canja gaba ɗaya. Ja, ɗorawa, wani kamar manja. A ƙauyenmu ganye ya yi haka, ƙishi ne ko cuta, babu na uku. Na ce shi ke nan, na kashe wa mutum bishiya.

Za ku ce ai ya ba ni labarin jan ganye. Ya ba ni! Sau ɗari! Sau ɗarin kuma ina gyaɗa kai ina tunanin sabunta iƙama, takardar izinin zamana. Ni a raina jan da yake nufi wani ja ne na ƙasar waje, ba irin wanda za a samu a rabin duro a Utaiqa ba. Ga kuma tsoron laifin kwana biyu.

Sai na yi abin da mai hankali zai yi. Na tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Na share, na wanke daɓe, na ɗure a leda, na kai kwandon shara da hannuna. Na sheƙa wa inabi bokiti huɗu don ya yafe mini. Har na tsaya na yaba wa kaina.

Da suka dawo, bai ko cire takalmi ba ya haye sama, ni ina biye. Ya tarar da rassa tsirara.

"Sule, ina ganye?"

"Iska. Wata irin iska aka yi, ba ka gani ba."

"Iska ta wanke daɓe?"

Ya zagaya, ya ɗaga tsintsiya. A jikinta ganye ɗaya ya maƙale, jawur. Ya zare shi a hankali, ya ɗaga shi wajen rana.

"Nawa ne suka yi haka?"

"Duka."

"Duka, Sule?"

"Duka. Na ɗauka mutuwa yake."

Hajiya Asabe tana bakin ƙofa. Ita ta faɗa mini, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa a ɗawafi ma sai da ya roƙi wannan abu, har ta zungure shi ta ce mutane na roƙon Aljanna kai kana roƙon ganye. Na ruga ƙasa wajen kwandon shara. Mota ta riga ta kwashe.

Na dawo ina jiran zagi. Ya jawo mini kujera.

"Zauna. Faɗa mini. Ta wajen bango wane launi ne?"

"Ja."

"Ja kamar me? Kada ka yi mini rowa."

"Kamar zoɓo in an sirka."

"Na saman fa?"

Haka ya tsare ni har azahar, reshe bayan reshe. Ya rufe ido yana ji. Da na gama ya ce, "Kai kaɗai ka ga kakata. To za ka biya da baki."

Kun ga asalin abin nan da kuke ta dariya a kai ba ku san dalili ba. Duk shekara ranar gurasa, kowa a ba shi, ni a hana ni, sai na miƙe a gaban jama'a na ba da labarin ganye. In na rage wani abu ya ce, "Bara ka ce akwai mai ɗigo-ɗigo, ina ka kai shi?" In na ƙara ya ce, "Ƙarya kake, amma ci gaba." Ganye ɗayan kuwa a aljihun kwat ya zauna, cikin leda, tare da iƙamarsa.

Inabin bai sake yi ba yana raye. Ya jira, hula a ka, shekara bayan shekara. Ya rasu cikin zafi, bayan 'yar gajeriyar jinya, muka binne shi nan Riyadh. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini na cuce shi ba, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Allah ya jiƙan Haladu. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwar lambun da babu mai share masa. Mu kuma da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Makon jiya Hajiya Asabe ta aiko mu zo. Kabewa ta nuna, ta hura tanderu da kanta, hannunta duk tabon wuta. Na hau, sai na kasa wuce bakin ƙofa. Inabi ya yi jawur daga sama har ƙasa, ya fi na wancan karon. Na matsa kusa, hawaye na zuba, na kai hannu ina shafa wani ganye, na ce, "Allah sarki! Da ma Allah ya nuna wa Haladu wannan."

Ta ɗago daga bakin tanderu, ta share gumi da gefen mayafi.

"Ai ya taɓa aiko masa, Malam Sule. Kai ka share. Karɓi gurasarka, ka matsa daga jikin bishiyar nan."