Mun Je Neman Tasha, Mun Dawo da Hanyar Shanu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu da ke yamma da Dutse, muka wayi gari muka ga an kakkafa wasu turaku masu jan fenti a bayan gari. Wasu suka ce wutar lantarki za a ja, wasu suka ce gonaki za a karɓe. Ni kuwa, duk wanda ya san ni ya san ciwona: ba na iya ganin abu in wuce ban san kansa da gindinsa ba. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake leƙa tukunyar mutane.

Ranar Asabar na je wurin abokina, wanda ke sayen riɗi a kasuwannin Aujara da Miga yana kaiwa Kano, na ce ya ara mini babur. Ya tambaye ni ina za ni. Na ce turakun nan zan bi in ga inda suka ƙare. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba ya ba marar aikin yi babur shi kaɗai, sai dai mu tafi tare.

An gama girbi, gonaki sun zama fili, don haka muka bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Wajen azahar muka iske masu awon a gindin wata tsamiya suna cin gyaɗa. Na yi sallama, na tambayi babbansu turakun na mene ne.

Ya ce, "Layin dogo ne, Malam. Jirgin ƙasa zai taso daga Kano ya zo Dutse."

Abokina ya kashe babur ya matso. Mutumin da motar riɗinsa kan kwana a taɓo duk damina, kun san abin da wannan magana take nufi a kunnensa. Ya ce, "To a ina zai tsaya a garinmu?"

"Ba zai tsaya ba. Wucewa zai yi. Tashar tana can kusa da Dutse."

Sai da muka shigo gari abokina ya ce, "Wato ƙararsa ce rabonmu ke nan."

Kafin mako ya zagayo an yi taro a ƙofar gidan dagaci, aka kafa kwamitin neman tasha. Aka ce tunda ni na jajibo maganar, ni zan riƙe alƙalami. Na zama sakatare, na kuma ɗauki abin da zafi fiye da yadda aka ba ni. Na rubuta takardar koke shafi uku da Turanci, ƙamus a gefena. Akwai kalmomin da na sa a ciki waɗanda washegari sai da na sake duba ma'anarsu. Na faɗi albarkar ƙasarmu, na faɗi riɗi da gero da albasa, na faɗi wahalar marasa lafiya a hanyar asibiti. Duk gaskiya ne, ban yi ƙari ba, ado kawai na yi wa maganar.

Daga nan muka shiga neman sa hannu. Masu rubutu suka rubuta, sauran suka dangwala yatsa. Ranar ƙarshe na tafi rugar da ke kudu da gari, wurin Arɗo, shugaban makiyayan wajen, dattijon da ya girmi mahaifina. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo. Na miƙa masa takardar da tawada. Ya ce shi ba ya dangwala wa abin da bai ji ba, in karanta masa da Hausa.

Na fassara masa tun daga farko har ƙarshe, ina gumi. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Idan jirgi ya tsaya alheri ne, matanmu ma za su sayar da nono. Amma ban ji inda aka ce za mu bi ba."

"Ku bi zuwa ina, Baffa?"

"Tafki. Ruga tana nan, ruwa yana can, turakun kuma sun ratsa burtali ta tsakiya. Masu awon sun gaya wa mutanenmu tudu za a yi wa layin, a kewaye shi da waya. Saniya ba ta hawa tsani."

Ni da na bi turakun nan a kan babur, na tsallaka wannan burtalin ban ma lura ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, a raina na ɗauki maganar ƙarama ce. Muna zancen jirgin ƙasa, shi yana zancen hanyar shanu. Don in samu yatsansa, na zaro biro na ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar. Na rasa yadda ake cewa burtali da Turanci, sai na rubuta layin da Hausa kawai: a duba burtalin da ke zuwa tafki. Na karanta masa, ya dangwala, ya ce idan ranar tafiya ta zo a sanar da shi.

Ranar da aka kira taron jin ra'ayin jama'a a Dutse, muka cika bas guda. Arɗo ya zauna a kujerar baya da sandarsa. Ɗakin taron ya cika, an haska taswira a bango da majigi, ga layin ja ya miƙe a kanta. Na daɗe ina neman garinmu kafin in gane shi, wani ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar gero. Abin da ya fara damuna shi ne, kusan duk garin da layin ya taɓa ya zo da tasa takardar, kuma kowa tasha yake nema. Wasu ma Turancinsu ya fi nawa nauyi.

Da aka zo kanmu na miƙe na karanta, aka tafa. Wadda ta amsa wata injiniya ce, mace mai natsuwa, da Hausar Haɗejawa a bakinta. Ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce jirgi ba motar haya ba ce, yana bukatar tafiya mai tsawo kafin ya ɗauki gudu, da wata mai tsawo kafin ya tsaya, kuma idan aka yi tasha a kowane gari, mai keke ma zai riga shi isa Kano. Maimakon in ji haushi, sai ciwona ya motsa. Na tambaye ta me ya sa layin ya lanƙwasa a wani wuri. Ta ce dutse ne a ƙarƙashin ƙasa. Na tambayi dalilin tudun. Ta ce saboda ruwan damina. Na buɗe baki zan yi ta uku, shugaban taro ya ce, "Malam, a bar wa wasu."

Zan zauna ke nan ta ɗaga takardarmu ta ce, "Wannan layin da aka ƙara da biro, wa ya rubuta shi?"

Na ɗauka laifi na yi. Na ce ni ne, a yi haƙuri.

Ta juya ta dubi taswirar, ta ce, "A nan ba mu da burtali. Hoton da aka ɗauka daga sama, da damina aka ɗauke shi, ko'ina kore ne. Akwai wanda zai iya nuna mini a kan taswira?"

Arɗo ya miƙe daga can baya, ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ban iya wannan ba. Amma idan kika zo da ƙafa, zan nuna miki."

Mutane suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta rubuta wani abu a littafinta.

Komawarmu gida ba ta yi daɗi ba. Abokina ya ce mini a gaban kowa, "Mun aike ka neman tasha, ka dawo mana da maganar shanu." A majalisarmu ta bakin kasuwa aka fara cewa na sayar da gari a kan ƙwaryar kindirmo. Abokina ya yi kusan mako uku gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau" ba. Wannan ya fi rashin tashar ci mini rai, don tun muna yara ba mu taɓa yin haka ba.

Wata Alhamis da hantsi sai ga injiniyar da mutum biyu a farar mota. Na roƙi shugaban makaranta ya riƙe mini aji, na bi su. Muka taka daga ruga zuwa tafki, Arɗo a gaba. Yana tafe yana nuna mata abubuwan da ni haifaffen garin ban taɓa gani ba: inda ƙasa ta lotsa saboda kofato, inda manoma suka bar shingen aduwa don kada shanu su shiga gona, inda garken da ke saukowa daga arewa da rani yake haɗuwa da nasu. Ita tana tambaya, shi yana amsawa, ni ina biye kamar baƙo.

Labari ya shiga gari, abokina da 'yan kwamiti suka iso, mata ma suka fito, har da mahaifiyata da mayafinta. Ta tsaya daidai wani turke, ta gaishe da injiniyar, ta ce, "'Yata, ni ban san jirgi ba. Amma fadamar da muke noman albasa tana can. Maƙabarta ma tana can. Ranar da na mutu, ta ina za su wuce da ni? Ko sai sun kai ni Dutse sun zagayo?"

Mu 'yan kwamiti muka dubi juna. Mun yi zama ya fi a ƙirga, kuma babu ko ɗaya daga cikinmu da ya tuna cewa iyayenmu da kakanninmu suna kwance a ɗaya ɓangaren turakun.

Injiniyar ta ce a tsarin da ke hannunta akwai kwalbatin ruwa kusa da nan, za ta nemi a mayar da shi hanyar wucewa ta ƙarƙashin layin. Ta nuna tsayinsa da hannu. Arɗo ya ce shanu za su wuce. Ana cikin haka sai muka ji ƙarar kurar shanu, wato amalanke. Abokina ne, ya sa an yi mata lodin karan dawa har sama, kamar yadda ake yi da kaka. Ban san yaushe ya bar wurin ya je ya shirya wannan ba. Ya tsayar da ita a gaban injiniyar ya ce, "Hajiya, ki auna wannan." Ta sa aka auna. Sai ya sosa ƙeya ya ƙara da cewa, "Motar riɗi kuma ta ɗan fi ta tsayi." Ta yi murmushi ta rubuta. A kan kurar muka koma gari ni da shi, yana gaya mini wai dama shi bai taɓa fushi da ni ba.

Bayan wasu watanni amsa ta zo wa dagaci. Babu tasha. Amma an amince da mashiga mai faɗi ta ƙarƙashin layin, da hanyar burji da za ta bi gefensa ta haɗe da titin da ke zuwa tashar. Wasu suka ce an ba mu ƙashi an hana mu nama, kuma har yau akwai masu faɗin haka. Ni ma ban daina son tashar ba, kwafin takardar yana nan a akwatina. Sai dai lokacin da aka tayar da tudun, na hau kansa na duba gabas da yamma, na ga yadda ya raba ƙasar biyu kamar katanga. Da an ba mu abin da na rubuta shafi uku a kansa, an yi watsi da layin da na ƙara da biro, da mun samu hanyar zuwa Kano mun rasa hanyar zuwa gonakinmu.

Yanzu mashigar ta zama wurin zama. Akwai inuwa, 'yan acaɓa suna jira a bakinta, matan ruga suna sayar da fura da nono. Idan garke ya zo, kowa ya ja kayansa gefe har ya wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ina taƙama da son tambaya, amma duk tambayoyina baƙi nake yi wa. Na tambayi masu awo, na tambayi injiniya, na tambayi ƙamus. Mahaifiyata da nake cin tuwonta kullum ban tambaye ta komai ba. Arɗo kuwa yatsansa na je nema, ba iliminsa ba.

Bara na koma rugar ba takarda ba biro. Ya tsufa sosai, ba ya fita kiwo. Na tambaye shi tun yaushe burtalin nan yake. Ya ce kakansa ma tarar da shi ya yi. Na tambaye shi daga ina ya faro, ina kuma ya ƙare. Ya yi dariya har da tari, ya sa aka ƙaro kindirmo, ya ce, "Malam, gyara zama. Wannan ba a gama ta kafin la'asar."