Risten da Jinin Kawunta

Risten ta shigo aikinmu ne bayan ta haura shekara hamsin. Kafin nan a gidan kula da tsofaffi na garinmu take aiki, tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki, in ajali ya zo ita ke rufe musu ido. Takan ce ta ga bayan rabin garin nan tsirara, shi ya sa babu mai iya ɗaga mata hanci. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, 'yar makiyayan barewa, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watsu kudu.

Ni a lokacin na dawo daga jami'a ke nan, aka ɗauke ni in taimaka wa Dakta Tordis a shirin koya wa mutanenmu na ƙabilar Sami, a can ƙurewar arewacin Turai, yin binciken lafiyar jama'arsu da kansu. Ciwon sukari da hawan jini sun yi yawa a ƙauyukan bakin kogi, amma tsofaffinmu ba sa buɗe wa baƙo ƙofa in ya zo da allura da tambayoyi. Iyayensu sun ga baƙin da suka zo da ƙarafa suna auna kawunan mutane, kuma ba a manta ba. Sai aka ce a horar da 'yan gida. Aka ba mu wani ɗaki a bayan asibitin garin, mai barandar katako, muka koya musu gwajin hawan jini, da ɗibar jini, da yadda ake gaya wa mutum cewa yana da ikon ya ƙi.

Risten ta fi kowa saurin hannu, ta kuma fi kowa tsokanata. In na tsaya yin bayani sai ta kama kunnenta ta ce, “Jikar Maret, ɗaga murya, kunnena ya gaji da tattaki zuwa bakinki.” Sauran su yi dariya, ni in sunkuyar da kai.

Da aka gama horo, ta ce da kawunta za ta fara. Heaika ƙanin mahaifiyarta ne, a gidansa ta yi rabin ƙuruciyarta, kuma bai taɓa kwana a asibiti ba. A ganinta in shi ya ba da hannunsa, kowa zai bayar. Na bi ta ina ɗauke da akwatin kayan aiki.

Gidan yana can ƙarshen hanya. Matarsa Gutnel ta ɗora kofi, ta yanka mana busasshen nama muna tsomawa. Risten ta yi bayaninta tsaf kamar yadda muka koya mata. Tsohon ya saurara yana kallon taga. Da ta gama, sai ya ɗauko labarin mahaifiyarsa. Ya ce tana yarinya wasu baƙi suka zo makaranta, suka auna kanta, suka yanki gashinta suka tafi da shi a takarda. Har ta tsufa tana ƙona duk gashin da ya maƙale a matajinta, tana tara haƙoran da suka faɗi a wani gwangwani don a binne ta da su. Ranar da za ta rasu, ta yi ta shafa gefen kanta tana tambaya ko mutanen nan sun dawo. Daga nan ya ce ƙanƙarar kogi bana ba ta yi ƙwarin da za a taka ta ba.

Gutnel ta tashi ta shiga gyaran itacen murhu.

Risten ta ce, “To, Kawu, me ka ce?”

Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa mata. “'Yar yayata ce ta zo,” in ji shi. “Ɗebi.”

A wajenmu babba ba ya ce wa nasa a'a. Labari yake ba ka, ko ya yi zancen ƙanƙara, kai kuma ka sha kofinka ka tashi. Risten ta fi ni sanin haka nesa ba kusa ba. Amma mun koya mata cewa yarda a baki take, ga shi kuma ya faɗa da bakinsa, ga ɗokin aikin farko. Da baƙo ne ya zo, da tsohon bai ma buɗe ƙofa ba. Ta ɗaura masa roba a dantse, ta ɗebi jinin. A hanyar dawowa ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Jinin ya tafi birnin bakin teku tare da na sauran mutane. Heaika kuwa ya rasu a farkon watannin duhu, lokacin da rana ta daina fitowa. Zuciyarsa ce ta tsaya yana saran itace. Aka narkar da ƙasar da ta daskare aka binne shi, da gwangwanin nasa haƙoran a gefensa.

Akwai abin da kowa ya sani a garinmu, muna kiransa sawun gaba. Wasu mutane akan ji zuwansu kafin su iso: a ji an hau baranda, an kakkaɓe takalmi, a buɗe a ga babu kowa. Ba abin tsoro ba ne, kofi kawai ake ɗorawa, jim kaɗan sai ga mai shi. Na Heaika sananne ne, don yana jan ƙafar hagu, kuma yakan yi gyaran murya kafin ya taɓa ƙofa.

Wata rana da tsakar rana muna ɗakin aiki ni da Risten. Waje ya yi shuɗin nan na lokacin duhu, wanda ba dare ba, ba wayewar gari ba. Sai muka ji an hau baranda. Ƙafa ɗaya tana taka katako, ɗaya tana goge shi. Aka bubbuga takalmi a jikin dogarin ƙofa, aka yi gyaran murya. Ni ma na ji, ba labari aka ba ni ba. Risten ta tashi ta ɗora tukunya, hannunta ya riga tunaninta. Sai da ruwan ya soma ƙara ta tsaya cak. Na buɗe ƙofa. Dusar ƙanƙarar da ta zuba da safe tana shimfiɗe a barandar, ko sawun tsuntsu babu.

Ta zauna, ta ce mamaci ba shi da sawun gaba, tunda babu inda za shi. Sai fa in akwai abin da ya zo karɓa.

Daga ranar abin ya riƙa dawowa, ba kullum ba, amma ko yaushe da tsakar rana. Risten takan zuba kofi ɗaya ta ajiye a bakin tebur har ya huce. Issat, wani abokin horonta mai yawan barkwanci, ya ce, “Kawunki ya fi mu duka zuwa aiki, a samo masa kujera mana.” Shi ma daga baya ya koma cin abincin rana a motarsa. Da Risten ta je gaida Gutnel, tsohuwar ta amsa gaisuwa, ta yi ta saƙarta, ba ta ɗora tukunya ba. A garinmu wannan ya fi zagi. Gidajen da muka yi alkawarin zuwa kuma, duk inda Risten ta zauna sai a ɗauko mata labari.

Ta sami Dakta Tordis ta ce tana son jinin kawunta. Likitar ta ce ƙa'ida ta yarda a janye jinin mutum daga bincike, amma ƙona shi ake yi tare da sharar asibiti, ba a mayar wa dangi. Risten ta tambaya ko da tsummokaran raunin mutanen da bai taɓa gani ba za a haɗa shi. Likitar 'yar bakin teku ce, kakarta ta mutu tana ɓoye cewa ta iya harshenmu. Ba ta tambayi Risten dalili ba. Ta ce za ta kai maganar gaban kwamitin da ke kula da irin wannan, amma ba ta yi alkawari ba, don ba a taɓa yi ba.

Maganar ta ci sauran hunturu. Risten ta rame, amma ba ta bar aiki ba. Ta yi musaya da Issat: shi ya riƙa zuwa gidajen danginta, ita ta riƙa tafiya ƙauyensu a hayin kogi, inda za a iya rufe mata ƙofa ba tare da an ji nauyi ba. In tsoho ya soma labari, sai ta rufe akwati ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya ta fito. Jinin da take kawowa ya ragu sosai. Dakta Tordis ta sa ni na ƙara wannan a darasin sababbin da za a horar.

Rana ta dawo, kwanaki suka yi tsawo, sannan izini ya zo. Na raka Risten birni a motar haya. Ɗakin ajiyar jinin yana ƙarƙashin ƙasa, manyan firiza a jere suna gurnani a hankali. Da muka shiga, Risten ta tsaya ta yi gaisuwa da harshenmu, irin wadda ake yi wa ɗakin da ke cike da mutane. Ma'aikacin wurin, wani saurayi mai ladabi, ya sa safar hannu ya buɗe ɗaya, hayaƙin sanyi ya gangaro ya bi ƙafafunmu. Ya miƙo mata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Abin da ke ciki rawaya ne, a daskare.

Ta ce ina jan? Ya yi bayani cewa akan raba jini gida biyu, jan an yi gwaji da shi tun farko, ya ƙare a cikin injuna. Ya ba mu akwatin sanyi. Ta ce ya bar shi, kawunta ya sha sanyi ya isa. Ta naɗe kwalbar a hankici ta sa a ƙirjinta. Kafin mu wuce tsaunuka ya narke, tana dafe da wurin har gida.

Sai da ƙasa ta saki muka je maƙabarta, mu uku. Ƙanƙara tana narkewa, ruwa yana tsiyaya ko'ina a tsakanin kaburbura. Gutnel ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a hasken rana.

“Wannan ai ba jini ba ne.”

“Shi ne abin da ya rage, Inna.”

Tsohuwar ta juya ta a hannu. Ta ce dama shi bai taɓa dawowa da abu cikakke ba, ko garke ya fita da shi sai an nemi wata. Ta haƙa rami da kanta a wajen ƙafafunsa, ta ƙi yarda a karɓar mata shebur. Risten ta durƙusa ta zuba ruwan, ƙasa ta shanye nan take, ta sa kwalbar da hankicin ta mayar da ƙasa da tafin hannu.

Tana nan a durƙushe ta ce, “Ya isa, Inna?”

“Ni kike tambaya?”

Muka tsaya. Babu iska. Daga can wajen ƙofar maƙabarta katakon gadar da ake ɗorawa kan laka ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an ɗauke masa nauyi. Ba wadda ta waiwaya a cikinmu.

Gutnel ta miƙa wa Risten shebur ɗin ta riƙe mata, ta gyara mayafinta, ta kama hanya. Da muka kusa titi sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Gobe ki zo ki gwada mini hawan jinin nan naku, kaina yana sarawa. Allura kuwa ki bar ta can. Ba na so.”

Risten ta ce to.