Ranar da Maigidana Ya Tafa Hannu a Gaban Dattawa

Wannan abu ba zai fita daga raina ba har a rufe ni da ƙasa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. In magana ta yanke, kuka ne ya tare ni, don bara Allah ya karɓi maigidana.

A unguwar Ulaisha muke zaune, can ƙasar Larabawa, shi direba ne a kasuwar kayan miya ta Aziziya. Maƙwabcinmu wani tsohon ɗan daudu ne mai sayar wa leburori tuwo da waina. Ina yarinya a gida, ba a biki sai da irinsu: su ne a bakin tukunya, su ne masu sa uwar amarya dariya. Ba a ce sun yi daidai ba, amma ba a kore su ba. Sai zamani ya juya. Samarin unguwarmu suka ce yana zubar mana da mutunci a idon Larabawa, za su kai ƙararsa wurin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, a soke masa iƙama, wato takardar zama.

Maƙwabcin ya zo falonmu yana share hawaye da hirami. Ya ce mini, "Yaya, in aka mayar da ni gida wa zai karɓe ni? Can ma yanzu jifa ake yi."

Maigida ya ce, "Ranar Juma'a dattawa za su zauna a kan maganarka. Kafin nan zan koya maka tafiyar maza."

Aka fara makaranta a falona. "Buɗe ƙafa! Sauke hannun nan daga ƙugu!"

"Haba Alhaji, ƙugu ne fa, ba sitiyarin motarka ba."

Don ya nuna masa abin da zai bari, sai maigida ya riƙa kwaikwayonsa: ya tafa hannu, ya karya wuya, ya ce, "Ka ga wannan? Banda shi!" Ni kuwa ina bayan labule ina dariya har tuwona ya kama.

Ranar Juma'a muna kicin ɗin gidan babban dattijon unguwa, mu mata, muna leƙe. Maƙwabcin ya shigo a sandare kamar soja, ya yi wata sallama da ta girgiza kofunan shayi, ya zauna ya haɗe gira. Samari suka shiga kallon juna. Ana cikin haka wani ya tuntsure shayi mai zafi a farar jallabiyar maigidana. Sai ga Alhajina ya zabura, ya tafa hannu, ya karya wuya: "Wuuu! Ni 'yasu, na ƙone!"

Can sai maƙwabcin ya dube shi, ya yi magana da muryar aro: "Alhaji, a riƙa daurewa irin na maza."

Har mai tsananin cikin samarin ya kife da dariya. Babban dattijo ya goge ido ya ce, "To samari, su biyun za ku kai, ko a ce kalas, magana ta ƙare?" Maganar ƙara ta mutu a nan.

Da maigida ya rasu, maƙwabcin nan ne ya dafa abincin sadaka, yana kuka da muryarsa ta ainihi, samarin suna ci, ba wanda ya ɗaga kai. Allah ya jiƙan Alhaji. A wurinsa na koyi cewa mutumin da ka zauna da shi har ka ɗauki muryarsa, da wuya hannunka ya iya tura shi waje.