Buhu Biyu na Jema daga Shanono

Fita daga gida

Ana idar da sallar asuba na fita. Shekarar da ta biyo bayan fari ce, lokacin da ko mai rumbu biyu sai ya haɗa da garin rogo. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo, amma ya tarar da ƙasa tsirara. Duk abin da indararon unguwarmu ya zubo sai ya bi lungu a guje, ya haƙa rami, ya kwashi yashi da shara ya juye a rafin bayan gari. Rafin da muke kamun tarwaɗa muna yara ya cike, ko balbela ta daina sauka. Abin da ya hana ni sukuni kuwa, ramin ya kusa cin bangon ɗakin Inna, mahaifiyata, ɗakin da marigayi Baba, Malam Haruna, ya gina da hannunsa.

Na gaya mata za ni wajen ƙanenta, Kawu Sale, gaba da Shanono, in samo jema, ciyawar nan mai doguwar saiwa da ke riƙe ƙasa.

"Ciyawa? A ƙofar gidana?" in ji ta, tsintsiya a hannu. "To, Allah ya kiyaye hanya."

A garinmu, in aka ga ciyawa a ƙofar gida, ko dai masu gidan sun ƙare, ko matan gidan ƙazamai ne. Inna kuwa tun tana amarya take share tata ƙal. Tsiro na leƙowa, fartanya na kansa.

Dawakin Tofa zuwa Bagwai

A keke na isa Dawakin Tofa, na bar shi wajen mai faci. Babu man fetur a gari, don haka sai da hantsi ya dubi ludayi muka sami wata a-kori-kura. Direba ya ninka kuɗin mota. Da muka yi ƙorafi ya ce, "Malam, ku je ku gaya wa 'yan bumburutu, ni ma yau ban karya ba." Na hau bayanta, na zauna a kan ɗaurin itace, raina yana sosuwa, don ɗanyen icen gawo ne, irin saran da ya bar ƙasarmu tsirara. Mun shiga Bagwai da azahar. Na sha fura wadda ruwanta ya fi nononta yawa, na gode Allah.

Ƙauyen Kawu

Wata motar ta kai ni Shanono, daga nan mai babur ya ƙarasa da ni, ana kiran la'asar. Tun kafin in yi sallama na tsaya ina kallon lungunsu. Jema a jere layi-layi a gefen hanya, darbejiya a kowace ƙofa. An yi ruwa shekaranjiya, amma ƙasar tana nan inda take. Kawu ya kai ni rafinsu, na ga ruwa garau, ga 'yan kifaye suna wulgawa. Wallahi sai da na ji kishi.

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka ba mai, na kwana a soro. Da safe muka haƙo jemar da saiwarta, muka datse kanta, muka cusa a buhu biyu da aka jiƙa.

"Ka gicciya wa ruwa hanya da ita, kusa-kusa, kada ka bar masa kafa," in ji Kawu. "Awaki ba su cika damuwa da ita ba. Abin tsoronka ɗaya ne, fartanyar Yaya."

Komowa

A shingen 'yan sanda bayan Bagwai, wani ya caka sanda a buhuna, ya leƙa. "Jama'a na safarar hatsi, kai kana safarar ciyawa?" Mota ta ɗauki dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ce maganin ciwona." Duk inda muka tsaya sai in ari buta in yayyafa wa buhunan ruwa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko jinjiri ne a ciki. A Dawakin Tofa na karɓi kekena, na ɗaura buhunan a kai.

Gida

Kafin magariba ni da maƙwabcinmu Malam Idi mun dasa layi uku, daga bangon Inna har bakin ramin. Matan unguwa suna leƙe ta saman katanga. Inna ta fito ta duba.

"Gobe za a ce gidan Malam Haruna ya zama kango."

"Inna, ki yi haƙuri," na ce. "In ba mu yi haka ba, baɗi kangon gaske za a gani."

Ta juya ta shige gida. Washegari ina dawowa daga masallaci na jiyo ƙarar fartanya a ƙofar gida. Na taho da gudu har takalmina ya fita. Na tarar da ita a duƙe, tana jawo ƙasa tana tara wa jemar a gindi. Sharar da ta saba zubawa a hanyar ruwa ma tana gefe a kwando, ta ce a kai gona.

"Me ka tsaya kallo? Samo mini ƙaya a kewaye ta," in ji ta. "Ɗakin babanka ne. Su faɗi abin da za su faɗa."

Bangon ya ga ƙarshen daminar a tsaye. Rafin bai farfaɗo ba tukuna, amma gida huɗu sun karɓi iri a hannun Inna, da kanta take raba musu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Kawu Sale da Malam Idi, Allah ya saka da alheri.