Tsiron da Kogi Ya Bari a Bayan Ɗaki

Ruwan kogi ya janye, ya bar mana laka har gindin randa, ga kuma wani tsiro a bayan ɗaki da ban san shi ba. Na durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, sai uwar mijina ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta tuge tsiron da ba ta sani ba. Tsumma take ɗaura masa, ta ce, "Baƙo ne kogi ya kawo. Bari ya yi fure, ya faɗi sunansa."

Shekarar da Turawa suka kwashi mazanmu zuwa haƙar kuza, mu biyu muka rage da yara a gidanmu na Haɗeja, miya sai abin da ƙasa ta ba mu. Wani tsiro ya fito, ganye fato-fato, na ɗauko wuƙa zan kai shi tukunya.

"Dakata, 'yar nan."

"Inna, yara ba su ci komai ba."

Ta murza ganyen, ta shinshina, ta ɗaura tsummanta. Ran nan tuwo gaya muka ci, ina ta ƙunƙuni. Da ya yi fure, fari dogo kamar kakaki, ta ce, "Zaƙami ne. Da kin haukata mini jikoki."

Yau na murza, na shinshina, hancina bai gaya mini komai ba. Babu kuma wanda zan tambaya. Na yagi bakin zanena na ɗaura.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Inna, Ya sa kina inda babu ganyen da ake tsoro.