Ɓerayen Gagarawa Sun Saba da Tsimi

Muna idar da sallar asuba muka hau babur daga Sule Tankarkar, ni da wani abokina na ajin yaƙi da jahilci. Ɓeraye ne suka tayar da ni. Sun shiga rumbun da na ajiye geron iri, ga damina ta matso. Guba kuma ba na so, saboda kaji.

A Gumel muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai suyar ta ce laifin wake ne. Daga nan muka bi mota zuwa Gagarawa, gun wani dattijo da aka ce yana bugar da ɓera da tsimin dusa. Jiƙa ta yake yi, ya rufe har ta yi warin giya. Abokina ya toshe hanci, dattijon ya ce ai ba shi aka dama wa ba.

Sai dai maganin ya daina ci. Da fari ɓerayen tangaɗi suke yi, mage ta tsince su. Da ya ga haka sai ya riƙa zuba musu kullum. Muna zaune wani ƙato ya fito, ya sha ya ƙoshi, ya haye katanga ko gezau.

"Ka gani ko, ɗana? Yanzu ciyar da su nake yi," in ji dattijon.

Muka yi masa sallama. Muka wuce Maigatari cin kasuwa. Raƙuma da shanu ba masaka tsinke, dabino da araha. Muna shan fura na ba wani mai hatsi, mutumin Damagaram, labarin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma da tsimin yake aiki, amma sai ya daɗe bai sa ba. Ran da ya zuba a kasko, ɓerayen sukan yi masa rubdugu, su zube.

Da na dawo na gwada. Mage ta yi kwanan ƙoshi, rumbu ya yi tsit. Maiɗakina ta ce a ƙara musu tunda abin ya yi. Na ba ta labarin ƙaton Gagarawa, na ce abin da aka sha kullum jiki sabawa yake yi. Ita da kanta ta wanke kaskon ta kife. Geron iri yana nan, ruwa muke jira.